Ƙunshin nano ko ƙwayoyin halitta masu rai: wanne ya dace da wane ciwon daji?

Iyalin da ke jinyar mai ciwon daji, da zarar magana ta kai ga fita Indiya ko Masar ko Turkiyya, sai su fara jin ana yi wa sunaye biyu kirari: maganin nano, da maganin ƙwayoyin halitta masu rai. Dillalan asibitoci kan jera su a takarda ɗaya daga mai araha zuwa mai tsada, su bar mutum ya ɗauka cewa na ƙarshen ya fi ƙarfi. Jerin nan yana ɓatar da mutane. Waɗannan hanyoyi ne dabam-dabam na kai magani wurin ƙari, kowace da irin ciwon da aka gwada ta a kansa, kuma akwai marasa lafiya da yawa da tsohon kemo mai araha, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa da aka saba bayarwa, ya fi musu duka.

Abin da ya sa aka nemi sababbin hanyoyi shi ne, kemo idan ya shiga jijiya ko'ina yake bi: ɓargo, hanji, tushen gashin kai, tsokar zuciya. Sai aka shiga neman ɗan dako da zai riƙe maganin har ya kai inda ake so. Ɗan dako na farko ƙunshi ne mitsitsi na kitse ko furotin ko ƙarfe, girmansa wajen nanomita 100. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita, ƙwayar jan jini kuwa ta kai nanomita 7,000. Na biyu halitta ce mai rai, ko dai ƙwayar garkuwar jikin mara lafiyar, ko ƙwayar bakteriya da aka raunana. Akwai kuma masu ƙoƙarin haɗa biyun, su ɗora wa ƙwaya mai rai ƙunshin nano ta kai shi.

## Ma'aunan da za a yi awo da su

Na farko, kuma shi ne ke yanke sauran, ko an gwada hanyar a kan ainihin ciwon da mara lafiya ke da shi. Ana nufin sunan da ya fito a sakamakon gwajin tsoka da matakin da ciwon ya kai, ba "kansar mama" ko "kansar jini" a dunƙule ba. Wanda ba a yanki tsokarsa an duba ba, bai ma kai ga yin wannan zaɓi ba tukuna.

Na biyu, me ake saye da kuɗin: waraka, ƙarin watanni, ko ragin wahala. Uku ne dabam, kuma likitan kirki zai faɗi wanne yake nufi. Sai kuɗi gaba ɗaya, har da kwanan asibiti da masauki da maganin illa. Sai ɗorewa ta fuska biyu, wato yadda maganin ke jure ajiya da zafi, da tsawon lokacin da aikinsa ke yi a jiki. Sai abin da asibiti ke buƙata kafin ya iya bayarwa. Na ƙarshe haɗari: me ke faruwa idan abu ya lalace, kuma ko akwai mai gyarawa a kusa.

## Ƙunshin nano

Hikimar da aka gina shi a kai ta fito ne daga Japan a 1986, lokacin da Matsumura da Maeda suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna da ƙofofi da ba a samu a lafiyayyar tsoka, kuma ƙari ba shi da magudanar kirki da za ta kwashe abin da ya shiga. Ƙunshi mai nanomita 100 ya fi ƙarfin tacewar ƙoda, ba ya kuma ratsa lafiyayyar jijiya, amma yana zurarewa ta waɗancan ƙofofi ya taru. A ɓera abin yana aiki sosai. A mutum ya danganta da ƙari, wani yana da ƙofofin da yawa, wani kusan babu. Wani nazari da masu bincike a Jami'ar Toronto suka fitar a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma, ya gano cewa a tsaka-tsaki kashi 0.7 cikin ɗari na abin da aka ɗura ne ke isa ƙarin. Mafi yawan sauran hanta da saifa ke cinyewa. Saboda haka babbar ribar ƙunshin nano zuwa yau ita ce kare wasu sassan jiki daga guba, ba ninka ƙarfin kisan kansa ba.

Doxorubicin, wani maganin kemo, a cikin kumfar kitse. Shi ne Doxil a Amurka, Caelyx a Turai, ya samu lasisi a 1995, kuma yanzu kamfanonin Indiya na yin irinsa. An rufe maganin cikin kumfar kitse aka shafe bayanta da sinadarin PEG don kada ƙwayoyin hanta su yi saurin gane shi, sai ya yi fiye da kwana biyu kafin rabinsa ya bar jini. Doxorubicin na asali yana taruwa a zuciya, shi ya sa likitoci ba sa son jimillar abin da mutum ya karɓa a rayuwarsa ta wuce miligiram 450 zuwa 550 kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki. Na ƙunshi ya rage wannan haɗari ƙwarai. A gwajin da aka kwatanta su kan kansar mama da ta bazu, tsawon lokacin da suka tsayar da ciwon kusan ɗaya ne, wata 6.9 da wata 7.8, amma zubewar gashin kai ta sauko daga kashi 66 zuwa 20 cikin ɗari, ciwon zuciya ma ya ragu.

Illarsa ta komo fata. Kusan rabin masu karɓa suna samun kumburi da zafi da saɓar fata a tafin hannu da tafin ƙafa, galibi bayan zagaye na biyu ko na uku, tare da gyambon baki. Maganin yana fitowa ta gumi, zafi da gogayya kuma suna ƙara shi, don haka a ƙasa mai zafi abin ya fi tsanani. A kwanakin da suka biyo bayan ƙarin ruwan, mace ta bar daka da wanki da ruwan zafi, a bar matsattsen takalmi, a riƙa jiƙa hannu da ƙafa cikin ruwan sanyi. Idan fata ta fara tsagewa ana jinkirta zagaye na gaba ko a rage awo.

Wajen bayarwa akwai ƙa'idojin da saɓa musu ke ɓata maganin. A firiji ake ajiye shi tsakanin digiri 2 da 8, kuma idan ya daskare kumfar ta fashe, ya tashi daga aiki. Da ruwan sukari mai kashi 5 cikin ɗari kaɗai ake sirka shi, ba ruwan gishiri ba, ba a kuma sa matata a layin ƙarin ruwan. Ana farawa a hankali, miligiram ɗaya a minti, domin wasu kan ji ƙirji ya ƙulle da ciwon baya a mintunan farko. Awonsa ba ɗaya ba ne da na doxorubicin na asali, kuma musanya su miligiram da miligiram kuskure ne mai iya kisa. Ga kansar ƙwan mace awon lasisi miligiram 50 ne kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki duk mako huɗu, ko da yake likitoci da yawa suna ba da 40, ga sankarar Kaposi kuwa, wadda ta fi kama masu HIV, 20 duk mako uku. Lissafin kuɗi a nan yake: mai faɗin jiki 1.7 a kan awon 50 yana buƙatar miligiram 85, kwalaben kuma na 20 ne da na 50, wato kwalba biyu na 50, ko ɗaya ta 50 da biyu na 20, kowane zagaye.

Paclitaxel, shi ma maganin kemo, a cikin furotin jini. Abraxane ke nan, nanomita 130, lasisin 2005. Paclitaxel ba ya narkewa a ruwa, don haka na asali ana narka shi ne cikin wani sinadari da aka samo daga man zurma, kuma wannan sinadarin ne ke jawo mummunan borin jini. Shi ya sa ake fara ba da dexamethasone da maganin ƙaiƙayi, a ɗura cikin awa uku ta layi na musamman. Na ƙunshi bai buƙatar ko ɗaya daga ciki, minti 30 ya ishe shi, kuma garinsa yana zama a zafin ɗaki mai sanyaya. A gwajin kansar mama ƙari ya ragu a kashi 33 cikin ɗari, na asali kuma 19, sai dai mutuwar yatsu mai tsanani ta fi yawa. Daga baya da aka kara shi da paclitaxel na asali da ake bayarwa kaɗan-kaɗan duk mako, bai nuna fifiko ba. A kansar fankiriyas, haɗa shi da gemcitabine ya ɗaga tsaka-tsakin rayuwa daga wata 6.7 zuwa 8.5.

Awonsa 260 ne duk mako uku, kwalba kuma miligiram 100 ce, don haka mai faɗin jiki 1.7 zai sayi kwalba biyar kowane zagaye, alhali kwalba ɗaya ta miligiram 300 ta ishe shi a na asali. Masu cin ribar wannan ƙarin kuɗi sosai su ne wanda jikinsa ya ƙi na asali, da mai ciwon sukari da dexamethasone ke hargitsa wa sukarin.

Akwai inda ƙunshi ya ƙara kwana a zahiri. Vyxeos na 2017 ya kulle magani biyu a kumfa ɗaya bisa awo tsayayye, ya kai rayuwar dattawa masu wani nau'in sankarar ɓargo mai tsanani daga wajen wata shida zuwa tara da rabi. Tsadarsa ta fi ta waɗancan biyun nesa.

## Ƙwayoyin garkuwa da aka sarrafa

A nan ɗan dakon shi ne maganin. A hanyar CAR-T ana haɗa mara lafiya da na'urar da ke tace fararen ƙwayoyin jini na tsawon awa uku zuwa shida. Ana kai su masana'anta, a ware ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, a sa musu wani umarnin gado ta hanyar birus da aka kashe wa dafi, domin su tsiro da maƙama mai gane wata alama a jikin ƙwayar kansa. Alamar CD19 ce a sankarar jini da ta kaluluwa masu asali daga ƙwayar B (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini), BCMA kuma a sankarar ɓargo da ake kira mayeloma. Ana hayayyafa su zuwa miliyoyi, a daskarar, a dawo da su cikin tankin ruwan naitirojin. Wannan kan ci mako biyu zuwa huɗu, kuma cikin jiran ciwon ba ya tsayawa, sai an riƙe shi da wani kemo. Kafin ɗurawa ana ba da fludarabine da cyclophosphamide na 'yan kwanaki don a share wa sababbin ƙwayoyin wuri. Ɗurawar kanta 'yar jaka ce da ke ƙarewa cikin mintuna.

Sakamakonsa a inda ya dace ba shi da na biyu. Kymriah, wanda ya fito daga aikin Carl June da abokansa a Jami'ar Pennsylvania ya kuma samu lasisi a Agustan 2017, ya share ciwon a kashi 81 cikin ɗari na yara da matasa masu sankarar jini da ta ƙi jin kowane magani. Wajen rabinsu ciwon ya dawo ko wata matsala ta biyo cikin shekara, sau da yawa don ƙwayar kansar ta yar da alamar CD19. Da Yescarta, wani samfurin CAR-T, kusan huɗu cikin goma na masu sankarar kaluluwa mai tsanani suna raye bayan shekara biyar, mutanen da a da watanni ake ƙirga musu. Ta fuskar ɗorewa a jiki babu kamarsa: a 2022 an ba da rahoton mutum biyu da aka yi wa tun 2010, ƙwayoyin suna nan suna aiki bayan shekara goma.

Haɗarinsa ma babu kamarsa. Idan ƙwayoyin suka fara faɗa da kansa sukan saki sinadaran kumburi da yawa lokaci guda, sai zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi, numfashi ya yi wuya. A gwajin Kymriah fiye da kashi uku cikin huɗu sun samu wannan, kusan rabi sun shiga ɗakin kulawa ta musamman. Maganinsa tocilizumab ne, miligiram 8 kan kowane kilo ga mai nauyin kilo 30 zuwa sama, kuma dole ya kasance a hannu kafin a ɗura ƙwayoyin. Wasu kan rikice, su kasa magana ko rubutu, har da farfaɗiya. Tunda lafiyayyun ƙwayoyin B ma suna ɗauke da CD19, su ma suna mutuwa, sai mutum ya daɗe yana buƙatar ƙarin furotin garkuwa ta jijiya. A 2024 hukumar FDA ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗin cewa akwai ƙaramin haɗarin sabuwar sankara daga ƙwayoyin T ɗin.

Ga mai tafiya daga Najeriya ko Nijar abu biyu sun ƙaru. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a yankin, kuma yana farkawa idan garkuwa ta faɗi, don haka a gwada tun a gida, wanda ke da shi a fara masa maganin kariya. Bayan dawowa kuma, zazzaɓi ba abin da za a ce maleriya ce a sayi magani a kemis ba ne. Asibiti ake zuwa a ranar.

Farashin Kymriah ya fara da dala 475,000, Yescarta dala 373,000, ban da kuɗin asibiti. Indiya ta ba nata CAR-T, NexCAR19, lasisi a Oktoban 2023, aikin cibiyar fasaha ta IIT Bombay da asibitin Tata Memorial da kamfanin ImmunoACT, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Ko a can sai an ƙara kuɗin zaman wata biyu zuwa uku na mara lafiya da majinyaci.

A ƙari mai tauri, irin na mama, hanji, hanta ko mafitsara, CAR-T bai zama maganin da aka tabbatar ba. Da wuya a samu alamar da kansa kaɗai ke da ita, ƙwayoyin ba sa iya kutsawa cikin ƙarin sosai, waɗanda suka shiga kuma ƙarin yana kashe musu kuzari. Abin da ya fara buɗe ƙofa shi ne hanyar da Steven Rosenberg ya daɗe yana bi tun shekarun 1980: a yanko ƙarin, a tsamo ƙwayoyin garkuwar da suka riga suka shiga cikinsa, a hayayyafa su. Amtagvi na wannan hanya ya samu lasisi a Fabrairun 2024 don kansar fata melanoma da ta bazu, ƙari ya ragu a wajen kashi 31 cikin ɗari, farashinsa ya fara da dala 515,000.

## BCG, mai rai kuma mai araha

Ana mantawa da shi idan ana maganar sababbin abubuwa, alhali tun 1976 ake amfani da shi. Bakteriyar da ake rigakafin tarin fuka da ita ce, amma a awo mai yawa ƙwarai, kuma kwalbar rigakafin jarirai ba ta maye gurbinta. Bayan an kankare ƙari daga cikin mafitsara, ana jira aƙalla mako biyu, sannan a zuba BCG cikin mililita 50 na ruwan gishiri ta robar fitsari, mara lafiya ya riƙe na awa biyu. Sau ɗaya a mako, mako shida, daga nan a riƙa maimaita mako uku-uku lokaci-lokaci har shekara ɗaya zuwa uku. Bakteriyar tana manne wa bangon mafitsara, garkuwar jiki ta taso mata, ta haɗa da ƙwayoyin kansa.

Ba a zuba shi ranar da fitsari ke da jini a fili, ko robar ta ji wa mutum rauni, ko ga mai tarin fuka ko raunin garkuwa, domin zai iya shiga jini. Zafin fitsari da ɗan zazzaɓi na kwana biyu ba abin tsoro ba ne. Zazzaɓin da ya wuce haka yana buƙatar maganin tarin fuka, ban da pyrazinamide, wanda ba ya kama BCG. Yana son firiji, kuma ƙarancinsa ya addabi duniya tun 2012. Iyakarsa babba a yankinmu ita ce yana aiki ne kawai ga kansar da ba ta shiga tsokar mafitsara ba. Inda tsargiya ta yi yawa, kansar mafitsara sau da yawa wani nau'i ce dabam da BCG ba ya yi wa komai, kuma akan zo asibiti bayan ta yi nisa.

## Ƙwaya mai rai ɗauke da ƙunshin nano

A takarda wannan ce ta fi kowace kyau. Wasu ƙwayoyin jiki da kansu suke bin warin kumburi su shiga tsakiyar ƙari, har inda jini ba ya kaiwa, wasu ma suna ratsa shingen ƙwaƙwalwa. An ciyar da manyan ƙwayoyin garkuwa ɓurɓushin zinare don a ƙona ƙari da haske. A Nanjing ta Sin an ɗora wa wasu fararen ƙwayoyin jini kumfar paclitaxel suka kai ta ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan tiyata. A jami'ar MIT ta Amurka an liƙa wa ƙwayoyin T ƙunshin sinadarin ƙarfafawa a bayansu.

Matsalolin kuwa ba ƙanana ba ne. Gubar da aka ɗora kan kashe ɗan dakon kafin ya isa, idan kuma an rage ta don ya rayu, abin da ya kai bai isa kashe ƙari ba. Ƙwayoyin tushe (waɗanda ke iya rikiɗa su zama wasu ƙwayoyin jiki) da aka ɗura a jijiya mafi yawansu a huhu suke maƙalewa saboda girmansu, kuma akwai fargabar su taimaka wa ƙarin girma. Wanda ya yi nisa a wannan dangi, maganin asparaginase da wani kamfanin Faransa ya cusa cikin jajayen ƙwayoyin jini, ya kasa ƙara kwana a babban gwajin kansar fankiriyas a 2021. Hanyar tana matakin bincike, ba ta da farashin kasuwa na halal. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

| Hanya | Inda aka tabbatar | Kuɗi | Ajiya da ɗorewa | Buƙatar asibiti | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kemo na asali | Kansa iri-iri, har da neman waraka | Mafi araha | Sauƙin ajiya, aiki na kwanaki | Sashen kemo | Zuciya, borin jini, faɗuwar jini |
| Doxorubicin na ƙunshi | Ƙwan mace, Kaposi, mayeloma, mama da ta bazu | Ninki da yawa | Firiji, ba ya son daskarewa | Sashen kemo | Saɓar tafin hannu da ƙafa |
| Paclitaxel na ƙunshi | Mama, huhu, fankiriyas | Ninki da yawa | Zafin ɗaki | Sashen kemo, minti 30 | Mutuwar yatsu |
| CAR-T | Wasu sankarar jini, kaluluwa, mayeloma | Dala dubbai goma zuwa ɗaruruwa | Ruwan naitirojin, aiki na shekaru | Cibiya ta musamman | Kumburin jiki, rikicewa, cututtuka |
| BCG | Mafitsara, matakin sama-sama | Matsakaici | Firiji, yana yankewa | Likitan mafitsara | Shiga jini |
| Ƙwaya da nano a haɗe | Babu tukuna | Gwaji kawai | Ba a daidaita ba | Cibiyar bincike | Ba a gama auna shi ba |

## Ɓangaren gano ciwo

Inda ɓurɓushin nano ya zauna da gindinsa shi ne neman kaluluwar farko da ƙarin mama ke zubawa a hammata. Idan an cire ta aka ga ba ta kamu ba, an huta da kwashe hammatar duka, wanda ke jawo kumburin hannu na dindindin. Hanya uku ake bi. Mafi araha shuɗin ruwa ne irin methylene, a yi allurarsa minti biyar zuwa goma kafin yanka, likita ya bi launin da ido. A yi ta can ƙasan fata, don a saman fata tana kashe wurin, kuma ba a yi wa mai ciki, ana kaffa-kaffa da mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Ta biyu ɓurɓushi ne mai ɗauke da technetium, ana bin sa da na'urar jin tururin nukiliya. Haɗa shi da shuɗin ruwa ya fi dacewa da kaluluwar daidai, amma rabin ƙarfinsa na tafiya duk awa shida, sai asibitin da ke da sashen nukiliya da kayan da ke iso masa a kai a kai. Ta uku Magtrace, ɓurɓushin ƙarfe mai wajen nanomita 60 da ake bi da na'urar maganaɗisu, wanda Amurka ta amince da shi a 2018. Ba shi da tururi, yana zama a kan kanta, ana iya yin allurarsa kwanaki kafin tiyata. Sai dai na'urar na da tsada, dole a janye kayan aikin ƙarfe lokacin awo, yana barin tabo ruwan ƙasa a fata, kuma yana dagula hoton MRI na wurin tsawon watanni ko fiye. Duk ukun na macen da hammatarta ba ta riga ta kumbura ba ne.

Gwajin jini irin CellSearch, mai kamo ƙwayoyin kansa daga mililita 7.5 na jini da ɓurɓushin maganaɗisu, na bibiyar ciwon da aka riga aka sani ya bazu ne. Ba ya tantance mai lafiya, ba ya kuma maye gurbin gwajin tsoka.

## Wa ya dace da me

Mai kansar mama a matakin farko ko sankarar kaluluwa da ake fara wa magani da niyyar waraka ya tsaya kan kemo na asali. A kansar mama, zagaye huɗu na doxorubicin a awon 60 jimillarsu 240 ce, nesa da iyakar zuciya, kuma a kan wannan tsari aka gina hujjar waraka. Kuɗin da za a ƙara kan ƙunshi ya fi amfani wajen tabbatar da cewa ba a tsallake zagaye ko ɗaya ba, an kuma yi tiyata da gashin ƙari da na'ura kan lokaci.

Mai raunin zuciya, ko dattijuwa, ko wadda ta riga ta karɓi doxorubicin da yawa a baya, ita ce ƙunshin kitse ya dace da ita, haka ma mai kansar ƙwan mace da ta dawo. Ga sankarar Kaposi mai tsanani ana ba da shi ko paclitaxel na asali tare da maganin HIV, kuma inda firiji ko aljihu ba su da tabbas paclitaxel zaɓi ne mai hujja daga gwajin da aka yi a Afirka. Abraxane na wanda jikinsa ya ƙi paclitaxel ne, da mai sukarin da ya gagari saiti, da mai kansar fankiriyas da ke da sauran ƙarfi.

CAR-T na mai sankarar jini ko kaluluwa ta ƙwayar B ne, ko mayeloma, wanda ciwonsa ya dawo ko ya ƙi jin magani, yana iya tashi ya yi harkokinsa, zuciya da ƙoda da hanta suna aiki, kuma an tanadi kuɗin zama da na bayan dawowa. A nemi cibiyar ta rubuta sunan samfurin, hukumar da ta ba shi lasisi, da abin da zai faru da kuɗin idan ƙwayoyin suka ƙi hayayyafa a masana'anta, domin hakan na faruwa. Mai kansar mama, hanta, hanji ko mafitsara da aka yi wa tayin CAR-T ko "ƙwayoyin tushe masu ɗauke da nano" a kan kuɗi, ya nemi lambar rajistar gwajin a ClinicalTrials.gov ya kai wa likitan kansa a gida ya duba. A gwaji na gaskiya akwai takardar yarda da kwamitin ɗa'a ya amince da ita, kuma galibi masu binciken ne ke ɗaukar nauyin abin da ake gwadawa.

BCG na wanda gwajin tsoka ya nuna kansar mafitsararsa ba ta kai tsoka ba amma tana da haɗarin dawowa, kuma kafin a fara a tabbatar kwalabe shida na farko suna hannu. Asibitin da ke son fara binciken kaluluwar hammata ba tare da sashen nukiliya ba, shuɗin ruwa ne mafarinsa, Magtrace kuma sai idan yawan matan da ke zuwa da wuri ya kai ya biya kuɗin na'urar.